Tsohon jagora

Auta ƴar aji biyar ce. Tana zaune da innarta a unguwar Zongo ta Lome, babban birnin ƙasar Togo. Kowace safiya Inna tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Da wannan ciniki suke ci, da shi ake saya wa Auta littafi da alƙalami.

Inna tana da wa, Auta tana ce masa Kawu. An haife shi a tsohon Zongo, cikin tsakiyar gari. A shekarar 1977 hukuma ta rushe unguwar, aka mai da mutanenta arewacin birni, wajen Agwe. Da Kawu ya girma sai ya tafi Faransa neman aiki. A can ciwon ido ya kama shi har ya makance. Wata makarantar horar da karnuka ta ba shi wani baƙin kare, don ya riƙa yi masa jagora.

Irin wannan kare ana ce masa karen jagora. An buɗe makarantarsu ta farko a ƙasar Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun kare yana kwikwiyo ake soma horar da shi. Ana koya masa tsayawa a bakin titi, da kauce wa rami, da nemo ƙofa. Yakan fara aiki yana da shekara biyu. In ya kai wajen shekara goma sai a sallame shi, a nemi gidan da zai riƙe shi ya huta.

Da Kawu ya komo gida, tare da karensa ya komo. Yaran unguwa suka sa masa suna Jagora. Shi ke kai Kawu kasuwa. Shi ke ƙetarar da shi babban titi, inda babura da manyan motoci masu zuwa Burkina Faso da Nijar suke wucewa. Ranar Juma'a yakan kai shi kusa da masallaci, ya kwanta can nesa yana jira.

Ana nan, ana nan, Jagora ya tsufa. Gashin bakinsa ya yi fari, yana ta rufe masa ido. Wata rana bai ga kwata ba, Kawu ya faɗa ciki ya gurɗe ƙafa. Ɗan Kawu ya zo ya ɗauke shi zuwa gidansa, amma mai gidan hayar ya ce ba ya son kare.

Kawu ya zo wurin Inna, ya ce: "Shekara takwas wannan dabba tana gani domina. Yanzu da idonta ya mutu, in jefar da ita a titi?"

Inna ta yi shiru. Ta san mutane da yawa suna ƙyamar kare. In suka ga kare a gidan mai abinci, za su daina saye. Ta ce: "Yaya, ba ni kwana biyu in yi shawara."

Ta tafi wurin malamin unguwa. Malam ya gaya mata an halatta riƙon kare saboda amfani, kamar gadi da kiwo da farauta. Ya tuna mata da mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ya ce ta ware masa kwanonsa da wurin kwanansa.

Inna ta komo ta ce: "Yaya, kawo shi. Tun kakanninmu, a Zongo ba a korar baƙo, balle wanda ya yi mana wahala."

Suka kafa masa ƴar rumfa a bayan gida, nesa da murhu. Abin da Inna ta ji tsoro kuwa ya faru. Makon farko koko ya yi kwantai har sau uku. Inna ba ta ce kome ba, sai ta rage awo. Sannu a hankali masu saye suka ga tsabtar wurin tana nan yadda suka sani, yawancinsu suka komo. Wasu ba su komo ba har yau.

Kula da Jagora aikin Auta ne. Tana jiƙa masa tuwo da romo, don haƙoransa sun yi rauni. Tana cire masa kaska, tana zuba masa ruwa mai kyau. In ta gama sai ta wanke hannu da sabulu.

Kowace yamma takan riƙe igiyarsa ta kai shi gidan Kawu. Yanzu ita ce jagorarsa. Amma duk sa'ad da suka iso bakin titi, Jagora yakan tsaya cik, ya kasa kunne. Ba ya ɗaga ƙafa sai motoci sun wuce. Auta ma ta koyi tsayawa tare da shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka rushe tsohon Zongo na Lome?
2. Waɗanne abubuwa ake koya wa karen jagora?
3. Me ya sa Inna ta nemi kwana biyu kafin ta ba da amsa?
4. Wane tsoho ne a unguwarku ya yi wa mutane wahala? Yaya ake kula da shi?