Daga Adjamé Zuwa Anyama: Kaba, Fata da Ganyen Fita

Gbaka ta sauke ni a Adjamé Mairie da hantsi, titin Nangui Abrogoua ya riga ya cika maƙil. Gbaka ita ce ƙaramar bas ɗin da talakan Abijan ke hawa, yaron mota na lilo a bakin ƙofa yana kiran Abobo ko Yopougon, yana dukan jikin motar da tafin hannu. Daga ofishin magajin gari zuwa babbar kasuwar Forum ba wata tafiya ba ce, amma sai ka yi ta kauce wa masu baro da masu tallar ruwa. Hausa kuwa ta ko'ina tashi take, yawanci da harshen mutanen Tawa da Ƙonni da Dogondutsi, a cakuɗe da Zabarmanci da Julanci da Faransancin bakin titi.

Abin da ya kawo ni shi ne in ga me ya rage na aikin hannu da kayan da ƙasa ke fitarwa, a birnin da tun buɗe tashar jiragen ruwansa a 1951 kusan komai ta teku yake shigo masa. Jagorana wani saurayi ne ɗan ƙasar Tawa mai tallar agogo da tabarau. Da na gaya masa buƙatata sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, a Adjamé kake neman kaba? Nan garin roba ne. Amma zo mu je wurin Baba."

Bai yi ƙarya ba. Bokiti roba, buta roba, kwando roba, tabarmin da ake shimfiɗawa a harabar babban masallacin Adjamé su ma roba. Gwamnatin Kodebuwa ta yi dokar hana ledoji tun 2013, amma ko barkonon dala biyar ka saya, a leda za a ƙulla maka.

Baban da ake magana wani dattijo ne da ya kasa kayansa a wani lungu bayan masallaci: faifai, mafici, tabarmar kaba, ludayi, ƙwarya mai zane, igiyar kaba a naɗe. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da iyali, na ce, "Baba, daga ina kayan nan?" Ya ce daga gida, wajen Mayahi. Can ne Gulbin Kaba yake, kwarin da goriba ta yi wa rumfa, inda mata ke yanko ɗanyen ganyen ƙananan goriba, su shanya, su tsaga, su rina wani da ja ko baƙi, sannan su zauna saƙa bayan an gama aikin gona. Kayan suna biyo motocin albasa da na dabbobi, su ratso Burkina Faso har bakin teku. Masu saye kusan duka matan Hausawa da na Zabarmawa ne, musamman idan za a yi wa yarinya jere, don uwa ba ta yarda ɗakin 'yarta ya rasa faifai. Tabarmar ce ba ta tafiya. "Ɗana," in ji shi, "ruwan garin nan ba irin namu ba ne. Daga watan biyar zuwa na bakwai, ka jingine tabarma a ɗaki, ka dawo ka tarar ta yi fumfuna. Ta roba kuwa a wanke a girgiza." Ban ga laifin mai sayen ta roba ba. An saƙa tabarmar kaba don ƙasar da iska ke busar da komai, aka kawo ta inda gishiri ma jiƙewa yake a cikin gwangwani.

Kusa da shi akwai baduku, zaune a kan buzu, da basilla da wuƙa da dutsen guga a gabansa. A nan na fi daɗewa, domin na tashi kusa da majema kuma warin jima ba baƙona ba ne. Fatarsa ta akuya ce, daga Maraɗi da Damagaram, wani lokaci daga Kano. Ita ce fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi da fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita, har Turawa suka ɗauka a Maroko ake yin ta. Hanyar jimar ba ta sauya ba: a jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a tausasa ta, sannan a tsoma a ruwan dakakkiyar bagaruwa, a yi ta murza har ta sha. Jan launi daga karan dafi ne da kanwa. Ya ɗauko wani ƙyalle ya miƙo mini, ya ce in shinshina. Bagaruwa ce sak. Sannan ya nuna mini wani mai sheƙi da aka sayo a Forum, ya lanƙwasa shi, sai ga farin layi ya fito a jiki.

Takalmi da jaka, ya ce, sun kusa fin ƙarfinsa, saboda na kanti sun fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ke riƙe da shi ɗinkin laya ne, da guru, da kuben wuƙa, da gafakar Alƙur'ani. Kuma ba Hausawa kaɗai ke zuwa ba; Bawule da Bete da Mosi duk suna kawo takardar malami a ɗinke musu. Babu wanda ya taɓa cewa a rufe masa laya da roba.

Da azahar muka ci garba a wata rumfa, wato attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono da albasa. 'Yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi, har ya zama abincin ɗalibi da lebura a duk faɗin birnin. A 2024 UNESCO ta sa sana'ar yin attiéké cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. A da cikin ganye ake ƙunshe shi. Yanzu yawanci leda.

Zuwa Treichville sai an ratsa Plateau, unguwar dogayen benaye, a hau gadar Houphouët-Boigny da aka gama a 1957, mota a sama jirgin ƙasa a ƙasa, tafkin Ébrié na shimfiɗe dama da hagu. Layin dogon nan Faransawa sun raɗa masa sunan Abijan-Nijar, ya kai Wagadugu a 1954, Nijar kuwa har yau tana jiransa. Treichville tsohuwar unguwar baƙi ce, titunanta a jere da lamba, kuma tun zamanin mulkin mallaka Hausawa ke da gidaje da ɗakunan ajiya a cikinta. Babbar kasuwarta ta ƙone a 1997, aka sake gina ta. Ni dai cibiyar masu sana'ar hannu ta birnin, wadda ake kira CAVA, na nufa.

A can ne mutum zai ga Kodebuwa kaf a rumfuna. Ga zanen Korhogo na Sanufo, wanda mutanen ƙauyen Fakaha suka shahara da shi: farar saƙar auduga ce, ƙwarya-ƙwarya a haɗe, a zana mata tsuntsaye da dodanni da bakin wuƙa, da ruwan ganye da ɓawon itace da aka dafa, sannan a bi da ruɓaɓɓen taɓo, inda suka haɗu ya koma baƙi ƙirin. Ga saƙar Waraniéné ta masaƙan Jula, ga zanen Bawule na wajen Tiébissou, wanda ake ɗaure zarensa a rina kafin a saƙa, ga tukwanen matan Mangoro na Katiola. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne zanen Dida na yankin Lakota da Divo. Da zaren tukurwa ake yin sa, babu masaƙa, da yatsu kawai mace ke kitsa shi, sannan a ƙuƙƙulle a rina da saiwa da ganye, ya fito ja da rawaya da baƙi. Mu a arewa gwangwala da asabari muka sani daga tukurwa, ban taɓa zaton za a ɗaura ta a ƙugu ba.

Da yawa daga masu rumfunan sassaƙa Hausawa ne da Jula da 'yan Senegal. Ba su suke sassaƙa ba, dillanci suke. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Christopher Steiner, ya zauna da irin waɗannan 'yan kasuwa a Abijan, ya fitar da littafi a kansu a 1994. Wani Alhaji da na zauna a rumfarsa bai ɓoye mini komai ba. Ya ce Bature tsohon abu yake so, to sai a ba shi tsoho: sabon gunki ya sha hayaƙin murhu, a shafe shi da man kaɗanya da ƙura, wani a fesa masa tofin goro. Na ce, "Alhaji, wannan ba algus ba ne?" Ya gyara hula ya ce, "Malam, ni itace nake sayarwa. Labarin shi yake zuwa da abinsa."

Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Yawancin abin da ke rumfunan nan an yi shi ne don idon baƙo. Zaren zanen Bawule da dama na masana'anta ne, rinin kuma na gwangwani, kamar yadda garin shuni na kanti ya shiga karofin Ƙofar Mata a Kano, inda ake cewa tun 1498 ake rini da baba da toka. Ba na zargin masaƙi. Kaɗin auduga da mazari wata guda yake ci, mai saye kuma ba zai biya kuɗin watan ba. Sai dai sana'ar da ta dogara ga ɗan yawon buɗe ido tana rawa da siyasa. A rikicin da ya raba ƙasar biyu daga 2002 zuwa 2011, Korhogo na hannun 'yan tawaye, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu zane suka koma gona.

A Disambar 2023, a taron UNESCO na garin Kasane a Botswana, an sa saƙar zanen gargajiya ta Kodebuwa cikin jerin nan na al'adun duniya da ake tattali. A zama guda aka sa wata saƙa daga lardin Aklan na ƙasar Filifin, wadda ake yi da zaren ganyen abarba. Mata ke kankare ganyen da fasasshen tangaran da ɓawon kwakwa, su zaro silin, su wanke, su ƙulla shi ɗaya bayan ɗaya har ya yi tsawon saƙa. Da shi ake ɗinka barong, rigar da mazansu ke sawa ranar aure da taron gwamnati. Kodebuwa ta daɗe tana fitar da abarba zuwa Turai, gonakin Bonoua ba su da nisa da Abijan, amma ganyen a gona yake ruɓewa. Bambancin da na gani shi ne mutanen Filifin su da kansu ke sa rigar, ba jiran baƙo suke ba. Suna kuma da abaka, dangin ayaba, wadda ƙasarsu ta fi kowace nomawa. Da igiyar jirgin ruwa aka san ta. Da igiyar roba ta ƙwace kasuwar, sai ta koma takardar kuɗi da ƙunshin ganyen shayi, domin zarenta ba ya saki a ruwa.

Mai irin wannan taurin rai a nan, a Anyama na same shi. Garin na arewa da Abijan a kan layin dogo, kuma shi ne babbar matattarar goro ta ƙasar. A kan hanya direba ya ji Hausata ta Nijeriya ce, sai da ya nuna mini wajen filin wasa na Ebimpé, inda Kodebuwa ta ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, ni goro na zo gani.

A cikin manyan rumfuna mata na zaune a gaban tulin goro, suna ware fari da ja, marsa da minu, suna fidda mai sankara. Gefe guda ga damman ganye kore shar, faffaɗa, mai santsi. Fita ke nan, ganyen da kakanninmu suka riƙa naɗe goron Gwanja da shi tun ana tafiyar wata da watanni da jakuna daga Salaga zuwa Kano. A inuwar kurmi yake fitowa, matan ƙauye ke yankowa su kawo. Shi ne Yarabawa ke ƙunsa alala da shi, kuma daga 'ya'yan tsiron ake fitar da wani sinadari da ya fi sukari zaƙi ninki dubbai, ana kai shi Turai.

Na tsaya na ga yadda ake ɗaurin huhu. A shimfiɗa ganye a cikin kwando ko buhu, a jera shi yana hawa kan juna har ba a ganin tsakani, a zuba goro, a danna, a rufe da wani ganyen, a ja igiya tamau. Na tambayi maigidan rumfar, wani Bakano da aka haifa a nan, ko sun gwada leda. Ya ce, "Yallaɓai, wa bai gwada ba? Goro rai gare shi. Ka rufe shi a leda ya yi gumi ya ruɓe, ka bar shi a sarari ya bushe ya yi taushi. Fita ce kaɗai ke riƙe masa sanyi ta bar shi ya sha iska." Buhun waje ya koma na roba, igiya ma haka, jaki ya zama tirela, amma ganyen da ke taɓa jikin goron bai sauya ba.

Idan ajiya za a yi don a samu daushe, ba a barin huhu haka nan. Lokaci-lokaci ake kwancewa, a tsince wanda ya lalace, a zubar da ganyen da ya yi baƙi, a sa sabo. Saboda haka mai goro ba ya rabuwa da mai ganye duk shekara, kuma idan kurmi ya ja baya, a aljihunsa yake fara ji. Maigidan ya ce gonakin koko da na roba sun cinye dazuzzukan kusa, masu yankan ganye sai sun ƙara nisa, kuɗin dami kuma yana hawa. Yana cikin wannan bayani aka kira shi waje, wata tirela mai lambar Nijar ta ja baya zuwa bakin rumfa, lebura suka fara ɗora huhu, magatakarda na tsaye da littafi yana ƙirgawa da ƙarfi.