Ni da baƙin karabat

A gidanmu na Damagaram ba wanda ya taɓa ɗaura wani abu a wuyansa, in ba rawani ba. Kawuna mai algaita ne. In ya fara busa sai kumatunsa su kumbura, jijiyoyin wuyansa su fito raɗa-raɗa. Yana shaƙar iska ta hanci, yana tura ta ta baki, ba ya tsayawa. Shi ya sa kullum rigarsa mai faɗin wuya ce. Wurinsa na koyi busa tun ina ɗan lakwal.

Da na tafi karatu Faransa, a birnin Liyon, sai na koyi busa saksofon. Abin busa ne na tagulla. Wani mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙago shi, ya yi masa rajista cikin shekara ta 1846. Wanda nake busawa ya fi kilo 2, don haka ana rataya shi a wuya da maɗauri mai ƙugiya. Yara, ku riƙe zancen maɗaurin nan, za mu komo gare shi.

Na shiga wata ƙungiyar makaɗa, mu goma sha biyu. Ran nan shugabanmu ya ce an gayyace mu wasa a wata babbar liyafar dare, kuma za a biya mu. Abin da za a ba ni ya isa kuɗin hayar ɗakina na wata guda, ga shi kuwa mai gidan ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Shugaba ya miƙa wa kowa takarda. A ƙasanta an rubuta kalmomi biyu: «cravate noire».

Na ce a raina, wannan ai ba wuya. Tun ina aji uku na san ma'anarsu, baƙin karabat ke nan. Na aro baƙin kwat da farar taguwa wurin wani aboki. Na tafi kanti na zaɓi dogon karabat baƙi wuluk, na siliki. Liyon garin siliki ne, tun ƙarni na 16 ake saƙa shi a can, mai kantin kuwa bai manta da haka ba sa'ad da ya yanka mini kuɗi. Kwana huɗu na yi ina cin burodi da shayi saboda karabat ɗin nan.

Ranar liyafa na isa da wuri, saura awa biyu a fara. Ina shiga ɗakin da makaɗa ke shiri sai gabana ya faɗi. Ba mai dogon karabat ko ɗaya. Kowane namiji ya ɗaura wani ɗan ƙaramin baƙin abu mai fikafikai biyu a maƙogwaronsa. Faransawa suna kiransa da sunan malam-buɗe-littafi, don siffarsu ɗaya.

Akwai wani dattijo cikinmu mai busa kilarinet. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce:

«Ɗana, wa ya rasu?»

Na ce: «Ba kowa, baba.»

Ya ce: «To, dogon baƙin karabat na zuwa jana'iza ne. In an rubuta baƙin karabat a takardar liyafar dare, wannan ɗan ƙaramin ake nufi.»

Kunya ta kama ni, amma na yi gardama. Na ce baƙi ai baƙi ne, wa zai lura? Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce in rataya saksofon in busa masa ya ji.

Na rataya. Ina sunkuyawa sai karabat ya naɗe ƙugiyar maɗauri. Na warware shi. Na fara busa, bakinsa ya leƙo daga cikin kwat ya shiga tsakanin maɓallan saksofon, wani rami ya ƙi rufuwa, abin ya yi kuka kamar ɗan akuya. Wannan ma da sauƙi. Wuyan taguwar da na aro ya yi mini kaɗan. Da na cika ƙirjina da iska, wuyana ya kumbura irin na kawuna, sai na ji kamar an shaƙe ni. Kafin in kai ƙarshen waƙar jiri ya ɗebe ni, na nemi kujera.

Tsohon ya zo ya gwada sa yatsunsa biyu tsakanin wuyana da wuyan taguwa. Ko ɗaya bai shiga ba. Ya ce: «Mai cin abinci yana iya haƙuri da matsattsen wuya. Mai busa da mai waƙa ba su iyawa. In yatsu biyu ba su shiga ba, taguwar ba taka ba ce.»

Matar da ke kaɗa mana fiyano ta ciro allura da zare daga jakarta. Na tuɓe taguwar, ta kwance maɓallin wuya, ta matsar da shi bakin ƙyalle, ta sake ɗinke shi. Tana cikin ɗinki na lura da mai kaɗa gogen Turawa. Ta sha ado, amma ba sarƙa a wuyanta. Na tambaye ta dalili. Ta ce a ƙarƙashin haɓa take danne gogen, sarƙa kuwa tana karce katako, tana kuma ƙara.

Shi kuma tsohon ya buɗe akwatin kilarinet ɗinsa, ya ciro wani ɗan karabat da yake ajiyewa saboda irin wannan rana. Yana gyara mini shi yana ba ni labari. Ya ce lokacin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648, sarkin Faransa ya ɗauki waɗansu mahaya dawaki daga ƙasar Kuroshiya. Sojojin nan suna ɗaura ƙyalle a wuya. Mutanen Faransa suka gani ya ba su sha'awa, suka ɗauka. Daga sunan Kurowat ɗin nan kalmar karabat ta fito. Ashe abin da manya ke taƙama da shi yau, asalinsa ƙyallen soja ne.

Ya kuma gargaɗe ni a kan launi. Baƙi yana tafiya da gajeren baƙin kwat, irin wanda muka sa a daren. Fari kuwa na taron da ya fi kowane girma ne, ana sa shi da kwat mai wutsiya biyu a baya. Ya ce: «Kada ka kuskura ka haɗa baƙi da kwat mai wutsiya. Can da, haka masu kai abinci ke sawa. Za ka ga baƙo ya miƙo maka faranti.»

Ɗan karabat iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke ƙullawa da hannunsa, ƙulli ɗaya ne da na igiyar takalmi. Akwai wanda aka riga aka ƙulle, sai dai ka maƙala shi. Masu son ado suna raina na biyun. Ni dai shi na fi so in zan yi busa, don ba ya kwancewa tsakiyar waƙa, hannuwana biyu kuwa suna kan saksofon. Na tsohon ma irinsa ne. Ya zagaya maɗaurin saksofon ta bayan wuyan taguwa, ƙarƙashin kwat. Ƙugiya ta sauka a ƙirji, karabat yana can sama, ba ruwan wani da wani.

Kafin mu fita na ce masa: «Baba, da na zo da babbar rigata fa?»

Ya ce da ni baƙo ne, da ba laifi. Ko a liyafar kyautar Nobel, wadda ake yi a Sitokholm ran 10 ga Disamba, maza suna sa farin karabat, amma an yarda mutum ya sa tufafin ƙasarsu. Sai dai mu ƙungiya ce. Muna sa kaya iri ɗaya don kada idon mutane ya tsaya kan mutum guda, kunnensu ya bar kiɗan. Ya ce: «Ranar da za ka busa mana algaita kai kaɗai, ka zo da rigarka.»

Mun yi wasa har ƙarfe ɗaya na dare. Numfashina bai sarƙe ba. Washegari na biya kuɗin haya. Da na mayar wa tsohon da karabat ɗinsa, ya ƙi karɓa.

Dogon kuwa na naɗe shi na sa a ƙasan akwati. Sau ɗaya tak na ɗaura shi, bayan shekara uku, ranar da muka raka tsohon makwancinsa.