Rajista Ba Ta San Gidan Yaro Ba

'Yan'uwa marubuta, in muka duba littattafan da muke fitarwa, za mu tarar attajirai da 'yan siyasa da samari masu motoci sun cika shafuka, amma da wuya a ci karo da malamin makarantar ƙauye. In ma an gan shi, to an kawo shi ne don a yi wa tsohon kekensa dariya. Mu da muka tashi a ƙasar Shagari, muka yi karatu a hannun irin waɗannan malamai, daga bisani muka riƙe alli a ƙauyukan da ke tsakanin Mandera da Boɗinga, muna ganin akwai bashi a wuyanmu, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ƙasar nan tamu ba baƙuwa ba ce ga karantarwa. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantar da jama'a kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga kusa da shi. Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri yadda Shehu kan fito wa masu sauraro da sakin fuska da sallama kafin ya fara magana. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ba ta jira matan ƙauyuka su nemo ilimi da kansu ba, sai ta naɗa jajis a ƙarƙashin 'Yan Taru, suka riƙa kai karatu har cikin gidaje. Abubuwa biyu ke nan muka gada: shimfiɗar fuska, wadda Hausawa suka ce ta fi ta tabarma, da kuma taka ƙafa zuwa inda ɗalibi yake.

A zamanin boko ma haka abin ya zo. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya yi elimantare a Yabo, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya riƙe hedimasta a Argungu, sannan ya zama malami mai zagayen duba makarantun lardin Sakkwato. Duk wannan kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Wanda ya san aikin zagaye ya san aiki ne na sauka gidan mutane, da sauraron kukan malami, da lallashin uban da bai yarda da boko ba.

To, mu mun yi sa'ar zama ƙarƙashin wani hedimasta mai irin wannan hali. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin mutum ne da ba ya son a yabe shi. Kowa ya san abin da ke faruwa a makarantun ƙauye da zarar ruwan shuka ya sauka: aji mai yara hamsin sai ya koma ashirin, maza suna gona, mata suna kai abinci ko talla. Galibin shugabanni sukan ɗauki rajista su ja layi, su aika rahoto sakatariya, shi ke nan an sauke nauyi. Shi kuwa ranar Alhamis sai ya tara mu a gindin darbejiya, ya karanto sunayen waɗanda ba a gani ba, ya tambaya, "Malam, ɗan gidan wa ne wannan? Me ya hana shi zuwa?" In malamin aji ya yi shiru, sai ya ce, "Rajista ba ta san gidan yaro ba, kai ne za ka sani."

Bayan la'asar sai ya hau kekensa, ɗayanmu na biye. Ba ya fara maganar makaranta. Sai an gaisa, an tambayi iyali, an tambayi gero da dawa, an sha ruwa, sannan ya ce, "Baba, na zo roƙo ne. A ba ni aron yaron nan daga safe zuwa hantsi, in ya tashi ya same ku gona." Inda ya ga uba ya taurare, sai ya koma ya zo da liman ko mai unguwa. Mun ga gidan da ya je sau biyar a kan yarinya guda 'yar aji huɗu. A zuwa na biyar mahaifinta ya yi dariya ya ce, "Malam, ka fi ni son 'yar nan, ɗauke ta." Yau ungozoma ce, tana karɓar haihuwa a asibitin karkara, matan da mazajensu ba za su bari namiji ya duba su ba suna zuwa wurinta.

Haka yake yi da mu malamai. Sabon malami in an turo shi daga nesa, a zaurensa yake kwana har ya sami ɗaki. Watan da albashi ya makara, yakan je wurin mai awo ya tsaya mana. Bai taɓa yi wa malami faɗa a gaban yara ba. Sai an tashi ya kira mutum ofis, ya rufe ƙofa. Kada mai karatu ya ɗauka sakaci ne. Akwai abokin aikinmu da ya mayar da ranar kasuwa ranar hutu, ya sa hannu a littafi ya sulale. Sau uku hedimasta yana yi masa nasiha a asirce, a na huɗu ya rubuta rahoto, kuma ya karanta masa kafin ya aika. Ya ce da shi, "Ina jin kunyarka, amma yara arba'in aka ba ni amana." Mutumin bai ƙullace shi ba.

Mun kuma zauna da wani shugaban a wata makarantar, mai takardu fiye da na farkon, wanda ke tsayar da malami a filin taro ya ci mutuncinsa yara na kallo. Cikin shekara biyu ƙwararrun malamai suka nemi canji, iyaye suka daina leƙowa, ajujuwa suka zama kufai alhali ginin sabo ne. A nan muka gane abin da Bature Kirk-Greene ya tattara a 1974 game da mutumin kirki a wurin Bahaushe, wato gaskiya da amana da haƙuri da kunya da kiyaye mutunci, su ne ainihin kayan aikin shugaban makaranta.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Duk da haka, a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kusan miliyan 20 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. Doka tana iya gina aji, ta sayi benci, amma wanda zai zauna a tabarmar manomi har ya saki ɗansa da daɗin rai, sai malamin da manomin ke jin nauyinsa. Yaron da ya fita a aji huɗu kuwa da wuya ya dawo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma wannan yawo ya canza mu. Mun fito kwalejin horon malamai muna taƙama da takardar shaida, sai zaurukan Mandera suka zame mana makaranta ta biyu. A can muka koyi jiran dattijo ya kai aya, muka koyi gane yaron da ke gyangyaɗi don yunwa da wanda ke yi don ƙiwa. A can kunnenmu ya cika da Hausar da muke rubutu da ita yau. Zumunta a ƙafa take, ashe rubutu ma haka.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, kowa ya tuna malamin da ya taɓa biyo shi gida. In yana raye a je a gaishe shi, a zauna a ji labarinsa, a rubuta tun kafin ƙasa ta rufe ido. In ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya sa ɗaliban da ya bari su zame masa sadaka mai gudana, amin.