Numfashi Ɗaya ne da Kuka da Dariya

Jama'a da yawa na ɗauka ban dariya baiwa ce kawai, wanda Allah bai ba shi ba sai ya haƙura, karatun digiri na biyu kuma a bar wa manyan wasanni irin na Shakespeare da Sophocles. Zaman da na yi ina atisaye a ƙauyen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ginin ƙasar nan da aka tayar a Samaru a tsakiyar shekarun 1970, ya nuna mini horon ɗaya ne.

Da numfashi aka fara mana. Tsakiyar dandalin a buɗe take, ba lasifika, iskar hunturu na kwashe murya, dole magana ta taso daga ciki ta isa ga na can baya ba tare da ihu ba. Sai aka ɗora mu kan baitocin Shakespeare, yawanci gaɓa 10 a layi, mai nauyi na bin mai sauƙi. Wanda ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa a kunnensa ya san zafin karya kari. A nan muka koyi inda ake shaƙar iska a doguwar jimla, da inda tsayawa ke kashe ma'ana.

Amfanin wahalar nan ya fito fili ne da muka kai ga wasan marowacin da Molière ya rubuta a Faransa a 1668. Tsoho Harpagon ya binne akwatin zinariyarsa a lambu, aka sace, ya fito yana kururuwa, har ya cafke hannun kansa yana zaton ɓarawon ne. Malaminmu ya hana mai wannan matsayi murguɗa baki da zare ido. Kullum maganarsa ita ce: “Kada ka nemi dariya, ɗana, nemi akwatinka.” Da ɗan wasan ya yi kukan da gaske, da irin numfashin da ya yi kukan Sarki Oedipus a wasan Sophocles, sai wuri ya ɓarke, wasu har da riƙe ciki. Tsohon yana cikin makoki na haƙiƙa a kan ƙarfe, mu kuma muna ganin ƙanƙantar abin da ya rasa, dariyar daga wannan tazara take fitowa.

Na kuma gane dalilin da ya sa makarantar da Jacques Lecoq ya kafa a Paris a 1956 take fara wa ɗalibi da rufe fuska da abin da ba ya nuna fushi ko murna, jikinsa kaɗai ya yi magana, ta ajiye darasin wawa sai ƙarshen shekara ta biyu. Mai wuyar ake bari ƙarshe. 'Yan kamanmu sun daɗe da sanin haka: su naɗa rawani, su ɗaure fuska irin ta malamai, su yi wa'azin tuwo da nama ba ko murmushi. Marigayi Usman Baba Pategi, da ya yi aikin soja da gaske, bai taɓa nuna mana Samanja, sojan da yake fitowa a matsayinsa a wasa, ya san shi abin dariya ne ba. Abin da ke damuna shi ne yadda matasa masu hazaƙa yau ke tsayawa a ihu da faɗuwa, alhali horo kaɗan zai kai su nesa.

Darasi mafi wuya shi ne jira. Idan jama'a suka kwashe da dariya, ba a magana a kanta, layin zai nutse. Ba a kuma jira ta mutu, wasan zai yi sanyi. Ana shiga ne daidai lokacin da ta fara sauka, kuma wannan lokaci yana canzawa kowane dare gwargwadon cikar wuri da irin mutanen da suka zo. Shi ya sa ake sa ɗalibi ya maimaita wasa ɗaya gaban ɗalibai, gaban manoma, gaban yara, har kunnensa ya saba.