Matakalar da ta dawo da Hajiya cikin mota

Tun da maigida ya sayi jif ɗin nan, Land Cruiser, surukata Hajiya ta daina bin mu unguwa. Ciwon gwiwa ne. Motar ta yi mata tsayi, kuma ba za ta yarda a ciccibe ta a gaban mutane ba. Ni kaina sai na tattare zani nake hawa.

Shi ne aka sa mana matakala mai aiki da lantarki. Ɗan inji ne a ƙasan kowane gefe, mai rewaya ya haɗa shi da batir da wayar ƙofa: kina buɗewa ta sauko, kina rufewa ta koma ƙarƙashi. Kuɗin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, ga kuɗin makaranta a gaba.

Da damina laka ta cushe mahaɗinta, ta maƙale a rabi, sai da aka wanke aka sa mai. Autana kuwa ya mai da ita abin wasa, na tsawatar, don ina jiye wa yatsunsa.

Ranar Juma'a Hajiya ta taka ta hau da kanta, ta gyara mayafi, ta ce, "To 'yata, mu je mu yi barkar."