Ba a Cewa Sarkin Sakkwato

Daren jiya ina zaune wajen mai shayi kusa da Kanwuri, sai wani baƙo da ya zo ziyarar Hubbare ya tambayi hanyar fadar "Sarkin Sakkwato". Mai shayin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Sarkin Musulmi dai, malam." Baƙon ya yi murmushi ya wuce, ni kuwa maganar ta bi ni har gida.

Akwai Sarkin Kano, akwai na Zazzau da na Bauchi, kowa da ƙasar da aka jingina sunansa da ita. Na nan da jama'a aka jingina shi. A ganina sunan ya riga ya faɗi irin igiyar da ta ɗaure daular, doguwa ce kuma sako-sako.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Bayan hijirar Gudu a 1804, Shehu bai tura rundunoni daga nan su ci ƙasashen gabas ba, tuta ya bayar. Modibbo Adama ya kai tasa Fombina, Buba Yero Gombe, Yakubu Bauchi, Malam Musa Zazzau, kowa ya yi yaƙi da mutanensa da dawakinsa. Wanda ya share gona da gatarinsa, ba ka aiko masa yaro ya nuna masa inda zai shuka dawa. Ga kuma nisa: kafin manzo ya je Yola ya dawo an yi watanni. Shi ya sa aka tsaya ga wasiƙar naɗi, da gaisuwar shekara, da rangadin Waziri, wanda zuriyarsa ke Gidaɗawa har gobe. Tun 1812 ma Shehu ya raba kulawa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Ilori da Nufe sai suka zama ta Gwandu, ɓangaren Abdullahi, suke bi.

Igiyar kan tsinke idan an ja da ƙarfi. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a Kano, Yusufawa suka ƙi, aka yi basasa, Aliyu Babba na Yusufawa ya shiga birni da takobi, daga baya Sakkwato ta amince.

Wani abin dariya, Baturen da ya iso nan a 1853, Heinrich Barth mai kiran kansa Abdulkarim, mutumin Hamburg ne, birni mai cin gashin kansa cikin tarayyar ƙasashen Jamus 39 da aka ƙulla a 1815 bayan faɗuwar Napoleon. Tasu igiyar ma sako-sako ce, sai dai su ba tuta ta haɗa su ba. Sarakunansu ba sa son sakin rawani, Ostiriya da Farusiya kuma kowace na tsoron ɗayar ta hau kanta, sai aka yi majalisa a Frankfurt aka bar kowa da sojansa. Tasu ta watse a 1866. Tamu ta kai 1903, shekarar da aka haɗu da Turawa a Giginya.