Abin da tsatsa ta bari a Ƙaraye da Rogo

Daga Maraɗi na taho Ƙaraye bayan kaka, da niyyar ganin madatsar ruwa ta Challawa. Sai mai masaukina ya ja ni gidan wasu maharba na gado, aka fito mini da wani ƙunshin tsumma daga rumbu. Abin da ke ciki bai fi bututun ƙarfe mai tsayi da farantin gefe ba. Icen kuwa gara ta cinye tuntuni.

Dattijon gidan ya ce, "Yaro, da wannan kakan kakana ya yi jihadin Shehu."

Ban yi mamaki ba, domin bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tarihi ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka fara kawo ta daga Nupe, kuma Babba Zaki ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a fada.

Amma ƙarfe na da nasa bayanin. Da farantin ake farawa. In akwai ɗan muƙamuƙi mai cije dutsen ƙanƙara da ƙaramin kasko na albarushi, to mai ƙyastu ce, tsohon yayi. In guduma ce kawai da tsini mai rami, ƙirar daga baya ce, ko kuma maƙeri ya sauya ta. Tasu mai muƙamuƙi ce. Sai muka shafa wa gindin bututun man gyaɗa, muka goga a hankali, haruffa uku suka fito cikin ɗan da'ira: ELG. Hatimin gwaji ne na birnin Liyej a Beljiyam, kuma ba a buga shi kafin 1810 ba, alhali tun 1807 Kano ta shiga hannun masu jihadi.

Na ce, "Baba, Allah ya ja zamaninka, ba ta kai jihadi ba. Amma mai yiwuwa ta ga Basasar Kano." Ya yi shiru, sannan ya ce lalle ya taɓa jin an ambaci Tukur da Yusufawa, waɗanda suka gwabza a Basasar, a gidan. Wannan tunin, a ganina, ya fi kirarin farko daraja.

A Rogo kuwa aikin bai ɗauki lokaci ba. Wani maƙeri ya juya tasa bindigar a hannu, ya ce bututun sandar sitiyarin mota ce, ubansa ya ƙera. Babu hatimi, kuma babu ƙari a labarin.

Abin da ya dame ni shi ne abin da maƙerin ya faɗa daga baya: 'yan gwangwan na sayen irin waɗannan a kan kilo. Jama'ar Ƙaraye da Rogo, kada ku kankare da yashi, kada ku kai sikeli. Ku ɗauki hoton hatimin, ku rubuta abin da dattawa suka sani, ku sanar da fada ko Gidan Makama a Kano.